Akwatin Kashe Tari

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba Alaramma Tukur ba ne, ko da yake har gobe in mun haɗu a kasuwar Gwarzo nakan yanka masa rabin wautar don kar ya sake da yawa. Ni ne, Idi Mai Rediyo, mai ajin firamare huɗu da furfura har a gira. Saboda ku na ɗauki biro, ku samarin da ke tsayawa bakin shagona kuna lilo da wayoyinku kuna cewa, "Baba, ai harkar rimot ba wuya, ƙafa uku ce ka jona, ka kwafo rubutun a intanet, shi ke nan." To, madalla da malamai. Ku gyara zama.

Rediyon farko da na taɓa sa wa hannu ta wani makiyayi ce, a Kabo, a shagon maigidana Malam Ɗantsoho, Allah ya jiƙansa. Kafin ita na daɗe ina fifita kawai, domin a gawayi muke gasa ƙarfen dalma, ni kuwa aikina ke nan, hura wuta da shan hayaƙi. Makiyayin ya ce rediyonsa tana magana a gari, amma da an shiga daji sai ta yi gum. Na buɗe, na auna, na girgiza, ban ga komai ba. Na ce wa maigida lafiyarta ƙalau, mai ita ne ke da aljanu. Bai ko dube ni ba. Ya juya wurin mutumin ya ce, "A dajin ina kake ajiye ta?" Ya ce a wuyan jaki yake rataya ta. Ashe sassarfar jakin ce ke kwance batir daga mazauninsa. Ɗan guntun kwali maigida ya cusa, ya miƙa masa. Bayan ya tafi ya ja kunnena ya ce, "Kafin ka tambayi rediyo, tambayi mai ita." Ku riƙe wannan magana. Ni na riƙe ta tsawon rayuwa, ranar da na fi bukatarta kuma na mance ta a gida.

Da na samu 'yanci na buɗe nawa a Gwarzo. Kayan aikina ba su da yawa, har yau ma: mita mai allura wadda sai na ɗan buga mata yatsa take farkawa, ƙarfen dalma, hantsaki, tsohon burushin haƙori, da gilashin ƙara gani da na ciro daga wata matacciyar kyamara. Da su na aurar da 'ya'ya.

Sai shekarar nan ta zo da wayar hannu ta haɗiye rediyo. Kowa ya sa rediyonsa a aljihu, rediyoyi masu arha kuma suka cika kasuwa, in ta lalace a miƙa wa yara su yi mota da ita. Shagona ya koma rumbu. Buhunan masara a dama, gawarwakin talabijin a hagu, har wata kaza ta shiga cikin ɗaya ta ƙyanƙyashe. Masu wucewa sukan leƙo su ce, "Baba Idi, nawa ne tsaki?" Ni kuwa in ce musu sai an gama gyaran uwar.

Wadda ta fitar da ni daga wannan rami 'yata ce, wadda ta yi karatun lantarki a Kano. A nan sai na yi muku bayani, domin ku 'yan zamani ne. Ita ce ta fari a wurina. Gidanmu kuwa asalin makiyaya ne. Shanun sun ƙare tun zamanin kakana, amma kunyar ba ta ƙare ba. Ba ma kama sunan ɗan fari, ba ma zama da shi ido cikin ido. Tun da aka yanka mata rago sunanta bai taɓa bi ta bakina ba. "Waccan" nake cewa, in na so fasa mata kai in ce "Injiniya". To, ku auna yadda karatun ya kasance. Ita tana bakin ƙofa da kwamfuta a cinya, ni ina kan benci na ba ta rabin baya ina kallon bango, uwarta tana tsakiya tana tsince shinkafa.

Sai in ce, "Ki ce wa waccan ta maimaita, ta cika sauri."

Uwar ta ce, "Ai ta ji ka. Ba kurma ba ce."

"Ki dai faɗa mata."

Haka na koyi 'yar ƙwaƙwalwar nan da ake kira maikirokwantirola, baƙar aba mai ƙafafu kamar shanshani, wadda ake rubuta wa umarni a kwamfuta a ɗura mata, ta riƙe har abada ba ta gardama. Da ma haka 'ya'yan mutane suke.

Ga abin da ke cikin rimot, tunda kun ce kun sani. Ɗan ƙwan da ke goshinsa fitila ce, sai dai haskenta idon mutum ba ya gani. In kuna musu ku saita shi a kyamarar waya ku danna, za ku ga yana walƙiya. Ba haske ɗaya yake saki ba, ƙiftawa yake yi, sau dubu talatin da takwas a daƙiƙa. Shi kuma idon da ke karɓa, mai ƙafa ukun nan, ba ya kula kowane haske sai mai irin wannan ƙiftawa, shi ya sa rana da fitilar ɗaki ba su cika ruɗa shi ba. Na ce ba su cika ba, ban ce ba sa yi ba. Saƙon kansa kamar baƙo mai tarbiyya yake zuwa. Ya fara doguwar sallama. Sannan ya faɗi gidan da aka aiko shi. Sannan ya faɗi saƙon, ya sake faɗarsa a juye don a tabbata ba a yi masa ƙari a hanya ba. Duk da gajeren shiru da dogon shiru ake rubuta wannan, aikin ƙwaƙwalwa shi ne ta auna tsawon kowane shiru. Kuma hasken nan miƙe yake tafiya kamar kibiya. Yakan daki farin bango ya dawo, amma ba ya ratsa zane, ba ya zagaya kwana.

Aikin farko da na karɓa da sabon ilimina na wani mai gidan kallon ƙwallo ne a Kutama, yana son kunna fankokinsa daga inda yake zaune. Na ga sashen nan na sunan gida dogon surutu ne, na tsallake shi, na ce ƙwaƙwalwa ta saurari saƙo kawai. Ranar babban wasa, duk sanda ya ƙara muryar talabijin sai fankoki su mutu, in ya rage su tashi. Mutum ɗari a rumfar kwano, a watan zafi. An ce har da ni aka haɗa a zagin alƙalin wasa. A nan na koyi cewa saƙon da ba a tambayi gidansa ba, gidan kowa yake shiga. A nan kuma na koyi cewa in mutum ya danne maɓalli bai ɗaga ba, rimot yakan yi ta cewa "na sake, na sake", in ba ka koya wa ƙwaƙwalwa ta yi kunnen uwar shegu da wannan ba, sai abu ya yi ta kunnuwa yana mutuwa kamar mai zazzaɓi.

Yanzu ga aikin da ya sa na ɗauki biro.

Malam Ilyasu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, yana zaune a wani ƙauye gefen Dugabau. Shi ya gaji gidan karatu, ni na gaji dalma. Duniya na durƙusa masa, ni kuwa in na je hularsa nake fara cirewa in ga ko sanƙon ya ƙaru, domin tsakanin taubasai babu hijabi. Tun ina saurayi yake tafsirin azumi a zaurensa bayan la'asar. Da tsufa ya ci muryarsa aka ɗaura lasifika a kan bishiyar darbejiya, don matan cikin gida da na nesa su ji. Sai tari ya same shi. Ba ƙaramin tari ba, irin mai tasowa daga ƙasan ƙirji. Lasifika kuwa ba ta san girman malami ba, abin da ta ji shi take shelantawa. Azumin da ya gabata har masu dawowa daga gona sukan tsaya su ce "Allah ya sawwaƙe." Labari ya kai Kano wurin babban ɗansa, Alhaji Bashir. Ya ce ba zai yarda a riƙa yi wa mahaifinsa shelar rauni a gari ba. In bana ma haka ne, zai zo ya ɗauke shi ya huta a birni, wani ya hau buzun.

Malam ya aiko aka kira ni. Na same shi ya rame, amma bakin yana nan.

Ya ce, "Kai maƙerin banza, an ce yanzu ka iya tsafin Nasara. Ina son in kai wannan tafsiri ƙarshe a kan buzuna. Ka raba ni da tarin nan."

Na ce, "Ni ba likita ba ne. Amma zan iya hana gari jin sa."

"Ai shi na ce. Wanda Allah ya ji ya isa."

Injin lasifikar yana cikin alkuki, wato ɗan ramin bangon da ke saman inda Malam yake zama, domin nan wayar sola ta sauko. Ba mai iya miƙewa ya tsaya a kan Malam yana murɗa abu ana tsakiyar karatu. Saboda haka na haɗa ɗan akwati: ƙwaƙwalwa, ido, da makunnin da ke yanke makirfo. Na ajiye shi a alkukin, idon yana leƙen zaure. Rimot ɗin ma da hannuna na ƙera, a cikin gwangwanin man zafi, da ƙwai ɗaya a goshi da maɓalli ɗaya ƙato. In ka danne, makirfo ya mutu. In ka saki, ya dawo. Ko akuya aka ba za ta iya.

Wanda zai riƙe shi Alaramma Tukur ne, mai jan baƙi, wato mai karanto aya Malam ya fassara. Dattijo ne da jikokinsa, amma a gaban Malam ya tashi tun yana wanke allo. Shi ke zama daf da Malam suna fuskantar juna, kuma ya san tarin tun kafin ya iso, daga yadda kafaɗar Malam take ɗagawa. Muka gwada tun zaure ba kowa. Ya nuna alkuki ya danna, ƙas. Ya saki, ƙas. Na bugi ƙirji na ce, "Alaramma, wannan ba ya kuskure. Kai dai danna." Ya ce, "To."

Ranar farko na zauna a waje ƙarƙashin darbejiya don in ji da kunnena. Malam ya yi nisa a bayani, sai ga tarin nan ya fito ta lasifika, cikakke, har tsuntsaye suka tashi. Aka tashi na shiga da gudu. Malam ya riga ya shige gida. Na ce, "Alaramma, ka danna kuwa?" Ya ce wallahi ya danna har yatsansa ya yi fari. Na ce ya sake in gani. Ya nuna alkuki, ƙas. Lafiya lau.

Na ce rana ce. Ƙofar zauren yamma take kallo, hasken la'asar yana shigowa. Na yi wa idon 'yar rumfa da baƙar roba. Washegari tari ya fita. Na ce ƙwan fitilar zauren ne, irin fararen nan masu ruɗa ido. Na kwance shi. Tari ya fita. Na canja batir. Na canja idon. Na zargi rawanin Malam, har na zo da igiya na auna tsayinsa yana zaune, yana ce mini, "In likkafani kake aunawa, ka bari sai na kira ka." Na ɗaga akwatin sama da bulo. Abin haushi, wani lokaci sai ya yi aiki, tari ɗaya ya ɓace, biyu su fita. Duk mai gyara ya san ciwon da ke zuwa yana tafiya ya fi wanda ya kwanta taurin kai.

Kafin mako ya zagayo gari ya yanke hukunci. Ana cewa ai ƙarfe ba ya aiki a kan Malam. In ba ya nan akwati yana aiki, da ya zauna sai ya mutu, wace shaida ake nema kuma? Wata tsohuwa ta tare ni a hanya ta ce, "Ɗan nan, ka bar ja da bayin Allah." Ni da furfurata. Shi kuwa Malam ba ya dariya. Saƙo ya zo cewa Alhaji Bashir zai iso ranar Juma'a ya ji da kunnensa, an ce har ya sa an gyara wa tsohon ɗaki a Kano. Da na je gaida Malam bai ko tanka mini da zagin da ya saba ba. Ya ce, "Idi, in ba za ta yiwu ba ka gaya mini, in fara sallama da mutane." Wannan ta fi zagi ciwo.

Na dawo gida na sa uwar Injiniya ta kira ta a waya, ta sa a bayyane, ni ina gefe ina kallon katanga.

Na ce, "Ki gaya wa waccan, rubutunta akwai kuskure."

Muryarta ta fito, "Inna, ki tambayi Baba, ya taɓa duba rimot ɗin da kyamara ana cikin karatun? Ba kafin a fara ba, ba bayan an tashi ba."

Na ce, "Ki ce mata ai na gwada shi ya fi a ƙirga."

"Inna, ki ce masa ana cikin karatun na ce."

Ranar Laraba na bar gindin darbejiya. Na kutsa na zauna a gefen Malam, ƙarƙashin alkuki, na ɓoye waya a hannun riga ina leƙen kyamara. In hasken ya taho, ta nan zai bi. Kafaɗar Malam ta ɗaga. Na zuba ido. Ba walƙiya, ba komai. Na ɗaga kai na dubi Alaramma. Ga shi nan kansa a sunkuye, ya riƙe gwangwanin da hannu biyu kamar mai miƙa goro ga suruki, goshin rimot yana kallon tabarma, hannun babbar rigarsa ya lulluɓe rabinsa, yana danna shi iya ƙarfinsa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ranakun da ya yi aiki ashe hasken ne ya daki siminti ya yi tsalle bisa sa'a.

Da aka watse na ja shi bayan zaure.

"Alaramma, me na ce ka nuna?"

"Akwati."

"To, akwatin a tabarma yake?"

Ya ce, "Malam Idi, akwatin a saman kan wa yake?"

"Kan Malam."

"To ni, Tukur, in ɗaga hannu a gaban jama'a in nuna fuskar Malam da abu, in danna, kamar mai korar akuya daga shanya? Hannun ma ba zai tashi ba. Na gwada."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ka ce ba ya kuskure, in dai danna. Na zaci kamar waya ne, yana ratsa ko'ina. Kuma kai babba ne, ka zo da iliminka."

Nan muryar Malam Ɗantsoho ta dawo mini daga kabari, da jakinsa da guntun kwalinsa. Na tambayi rana, na tambayi fitila, na tambayi rawani. Mutumin da abin ke hannunsa ne kaɗai ban tambaya yadda yake riƙe shi ba. Ni da nake cire wa Malam hula, ina zan tuna cewa akwai wanda ko yatsa ba ya iya ɗaga masa?

Gyaran bai ɗauki shan shayi ba. Na bar akwatin a alkuki, na ciro idon kaɗai, na ja masa doguwar waya ta bin gindin bango, na manna masa ɗan kapasita a ƙafa don doguwar waya tana kwaso hayaniya. Na ce wa Alaramma, "Zauna yadda kake zama in Malam na nan. Sunkuya. Riƙe yadda kake riƙewa." Inda goshin gwangwanin ya kalla, a bakin tabarma kusa da gwiwarsa, nan na kafa idon a cikin murfin kwalba. Na ce ya dai janye hannun riga kaɗan. Ya ce wannan zai iya.

Ranar Juma'a Alhaji Bashir bai shiga zaure ba. Ya tsayar da mota a gindin darbejiya ya sauke gilashi. Ni ina gefe kamar mai jiran hukunci. Muryar Malam ta yi ta zuba, sai ɗan shiru, sai ta ci gaba, kamar mai tsayawa ya yi tunani. Har aka shafa ba a ji ko gyaran murya ba. Ya shiga ya gaida mahaifinsa, ya tarar da shi yana tari a cikin hankici, ya dubi gwangwanin man zafi a hannun Alaramma, ya dube ni. Ba wawa ba ne. Ya yi dariya har ya zauna, ya ce, "Baba Idi, kun haɗa baki ke nan." Ya yarda Malam ya kai ƙarshe a kan buzunsa, da sharaɗin bayan Salla za a je asibiti. Malam ya ce ya ji, kuma ya je.

Da a nan na tsaya, da na tashi da mutuncina. Amma nasara giya ce ko da azumi a baki. Mutane ba su gama watsewa ba, na miƙe a tsakiyar zaure na fara wa'azi. Na ce wa Alaramma zamani ya canja. Na ce na'ura ba ta san kunya ba, ba ta san malami ba, miƙe take tafiya. Na ce irin wannan sunkuye-sunkuyen ne ya hana mu ci gaba, ga shi saura ƙiris kunya ta tura Malam Kano. Na ce su yi koyi da ni, tsoho da ni, na ajiye duk wani nauyin baki na rungumi ilimin zamani. Alaramma yana ta "Haka ne, haka ne," kansa a ƙasa.

Malam ya bari sai da na kai aya. Sannan ya jawo makirfo, wanda ba a kashe ba, ya kai shi daf da bakinsa. Muryarsa ta fita ta kan darbejiya, ta shiga cikin gida wurin mata, ta tafi har bakin gonaki, tas, ba tari ko ɗaya.

Ya ce, "Jama'a, ku yi shiru, marar kunya zai yi magana. Bismilla, Idi, ga makirfo. Faɗa wa gari sunan malamar da ta koya maka."